Yaron Da Ya Fara Tari

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar kwana cikin watan Janairu ya san muryar ɗakin kwanan yara da tsakar dare. Iskar hunturu tana kaɗa kwanon rufi, an rufe tagogi ruf saboda sanyi da ƙura, inda gilashi ya fashe an toshe da kwali, yara arba'in ko hamsin suna kwance gado bisa gado. Can sai a ji tari daga kusurwa guda. Bayan kwana biyu masu tarin sun zama biyar. Kafin mako ya kewayo ɗakin jinya ya cika, waɗansu suna kwance a tabarma a baranda, mai lura da su kuwa ta raba farasitamol har kwalba ta ƙare. A irin wannan rana ce shugaban makaranta yakan zauna a ofishinsa shi kaɗai, da tambayar da ba a koya masa amsarta a kwalejin horon malamai ba: ya aika a sanar da hukumar lafiya, ko kuwa ya yi shiru ya jira abin ya wuce?

Sau da yawa abin yakan wuce, wannan kuwa shi ya sa tambayar take da wuya. Yawancin ƙwayoyin bairos masu kama hanci da maƙogwaro sukan yi kwanakinsu su tafi, yaro ya sha zazzaɓi da ciwon jiki na kwana uku zuwa bakwai, ya tashi ya koma filin ƙwallo. Saboda haka wanda ya yi shiru yakan ga shirunsa ya biya shi. Wanda ya yi magana kuwa, ga motar jami'ai a ƙofar makaranta, ga iyaye sun taru suna neman 'ya'yansu, ga labari ya kai kasuwa cewa annoba ta shiga makarantar wane. Tsuntsun da ya kira ruwa, shi ruwa kan doka. Ba za mu raina tsoron shugaban nan ba, gama mun san da kuɗin makaranta ake biyan malamai, mun kuma san sunan da aka yi shekara talatin ana ginawa yana iya zubewa cikin mako guda.

Amma sai mu tambayi kanmu da wane jari ake yin wannan caca. Tari da zazzaɓi ƙofa ɗaya ce da cututtuka da yawa suke shigowa ta cikinta. Ƙyanda da haka take farawa, da majina da jan ido, sai bayan 'yan kwanaki ƙuraje su fito, alhali mai ita ya riga ya yi kwana huɗu yana baza ta; cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, tara suna iya kamuwa. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da jihohin da ke kewaye tun ƙarshen 2022, yakan fara da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, ga shi kuwa ƙwayarsa bakteriya ce mai bukatar magani na musamman da wuri. Ido kaɗai ba ya rarrabe waɗannan a kwana na fari. Shugaban da ya ce “mura ce kawai” mai yiwuwa ya yi daidai, amma bai sani ba, ƙaddarawa ya yi. Abin da ya sa a faifai kuwa ba nasa ba ne. 'Ya'yan mutane ne da aka kawo da akwati da garin kwaki, aka danƙa masa amana.

Yawancin tsoron da muke yi wa bincike daga rashin sanin abin da masu binciken suke yi yake fitowa. A kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya akwai jami'in da aikinsa shi ne sa ido a kan cututtuka da kai rahotonsu sama, har ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau NCDC. Sa'ad da irin waɗannan ma'aikata suka zo makaranta, abu na fari da suke so su tabbatar shi ne ko marasa lafiyar sun fi na kullum yawa. Sa'an nan su tsai da ma'auni guda na wanda za a ƙidaya. Ga ciwo mai kama da infuluwenza, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne zafin jiki da ya kai 38 a ma'aunin Salshiyos, tare da tari, wanda ya fara cikin kwana goma da suka wuce. Daga nan sai su ja layi a takarda: shekarun yaro, ajinsa, ɗakin kwanansa, ranar da ya fara jin ciwo, ko an yi masa rigakafi. Su ɗauki majina daga hancin kaɗan cikin waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba, da 'yar auduga a kan tsinke, su aika ɗakin gwaje-gwaje. Su jera adadin kowace rana su ga ko yana hawa ko yana sauka. Aikin ke nan. Ya fi kama da aikin malamin lissafi da na ɗan sanda.

Abin da irin wannan ƙidaya take iya nunawa, wani labari daga Ingila ya bayyana shi sarai. A watan Janairu na 1978, a wata makarantar kwana ta maza a arewacin ƙasar, yara 763 suka komo daga hutu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya dawo daga Hong Kong, ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki a tsakiyar watan. Ranar 22 ga wata yara uku suna ɗakin jinya. Cikin kusan mako biyu, yara 512 suka kwanta. Amma cikin manya wajen 130 da suke cuɗanya da yaran, mutum ɗaya tak ya kamu. Wannan bambanci shi ne ya yi magana. Ƙwayar ita ce infuluwenza irin H1N1 da ta sake ɓullowa a 1977, bayan ta ɓace tun 1957. Manya jikinsu ya taɓa gamuwa da danginta, yaran kuwa an haife su bayan ɓacewarta. Da makarantar ba ta riƙe lissafin kowace rana da gaskiya ba, da ba wanda ya ga wannan. Aka buga rahoton a mujallar likitocin Birtaniya, har wa yau kuma da alƙaluman nan ake koya wa ɗalibai a jami'o'i yadda annoba take hawa da sauka. Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, rahoton bai faɗi sunan yaron nan ba, bai ma faɗi sunan makarantar ba. An ba duniya dukan abin da zai amfane ta, an rufa wa yaro asiri.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, domin a makarantar Katolika ya faru. Ranar Alhamis 23 ga Afrilu 2009, a makarantar sakandare ta St. Francis da ke unguwar Queens a birnin New York na Amurka, mai ɗalibai kusan 2,700, ma'aikaciyar jinya ta ga yara suna ta tururuwa zuwa ɗakinta da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Ba ta jira gobe ba, ta sanar da hukumar lafiya ta birnin a ranar. Cikin kwana biyu ɗalibai 222 suka bi ta ɗakin nan aka sallame su gida. Aka ɗauki majinar waɗansu, cikin 'yan kwanaki gwaji ya nuna sabuwar ƙwayar nan ce da aka yi wa laƙabi da murar aladu, wadda a lokacin ba a daɗe da gano ta ba. Aka rufe makarantar mako guda, 'yan jarida suka kafa kyamarori a ƙofarta, sunanta ya shiga kowane gidan rediyo. Ba shakka abin bai yi wa shugabanninta daɗi ba. Amma da aka bi ɗalibai da ma'aikata da tambayoyi, fiye da 800 suka ce sun yi ciwon, aka tabbatar da 124 ta gwaji, daga amsoshinsu kuma aka gane cewa ciwon yakan bayyana ƙasa da kwana biyu bayan kamuwa, cewa a cikin makaranta mai ciwo ɗaya yakan shafa wa kamar mutum uku, cewa kuma ba wanda ciwon ya tsananta masa a cikinsu. A makonnin nan hukumomin ƙasashe suna cikin duhu, ba su san ko sabuwar cutar mai kisa ce ƙwarai ko mai sauƙi ba. Ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya. Kaɗan daga hasken da aka yi aiki da shi a lokacin, daga ɗakin jinyar makaranta guda ya fito, domin mace ɗaya ta ɗaga waya.

To, ga inda ƙayar take. A dukan labaran biyu masu bincike sun yi tambaya guda wadda ba makawa sai an yi ta: wa ya fara? A Ingila amsar ta nuna Hong Kong, a New York ta nuna waɗansu ɗalibai da suka je hutu Meziko. A bakin likita tambayar nan tana nufin, ta wace hanya ƙwayar ta shigo, yaushe, kwana nawa take ɗauka daga wannan zuwa wancan. Amma kalmomin nan guda, in suka fita daga ofis suka shiga ɗakin kwana, suka bi iyaye zuwa ƙauye, sai su juye su zama, laifin wane ne? Mu mutane ne da ba mu jure wa masifa marar fuska. Muna so a nuna mana wanda za mu tsana. Sai a ce ai ɗan gidan wane ne ya kawo, dama mutanen garinsu ba su da tsabta, wake ɗaya shi ke ɓata gari. A waɗansu wuraren ma maganar takan wuce nan. Mun san yadda a cikin jama'armu, Kirista da waɗanda ba Kirista ba, in yara da yawa suka kwanta lokaci guda, akan fara raɗe-raɗin maita ko ƙungiyar asiri, galibi kuwa a kan maraya ko yaro mai shiru-shiru wanda ba shi da mai tsaya masa yatsa yake sauka.

Ilimin likita kansa ya rushe wannan hukunci tun kafin mu kai ga ilimin tauhidi. Mai infuluwenza yana iya baza ta kwana guda kafin shi kansa ya ji komai a jikinsa. Waɗansu sukan ɗauki ƙwayar su raba ta ba tare da sun taɓa kwantawa ba. Saboda haka yaron da aka fara rubuta sunansa a littafin ɗakin jinya shi ne wanda aka fara gani, ba lalle ne shi ya fara kamuwa ba. Mai yiwuwa ma shi ne wanda ya fi saura gaskiya, ya je ya faɗa, waɗansu kuwa suka sayi kafso a kemis suka daure. Ko da ya tabbata shi ne ya shigo da ita, me ya yi? Ya je hutu, ya shiga mota, ya yi numfashi. Laifi yana bukatar sani da nufi, ga shi babu ko ɗaya a nan. In kuwa ana neman abin da ya sa mutum ɗaya ya zama hamsin, sai a dubi tagogin da aka toshe, da gadajen da aka cusa a ɗakin da aka gina domin rabin adadin, da famfon da ba ruwa. Waɗannan kuwa ba yaro ne ya shirya su ba. Mu manya ne, wataƙila shi ya sa ya fi mana sauƙi mu nemi yaron.

Gwamnatoci ma ba su tsira daga wannan jaraba ba. A ƙarshen Afrilu 2009, saboda sunan nan na murar aladu, gwamnatin Masar ta ba da umarni a hallaka aladun ƙasar, wajen 300,000, alhali ba a sami ko mutum ɗaya mai cutar a ƙasar ba tukuna, cutar kuma daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Masu aladun yawancinsu Kiristoci Kibɗawa ne matalauta masu kwashe sharar Alƙahira. Cutar ta shiga Masar duk da haka, su kuwa suka rasa abincinsu.

Tambayar tsohuwa ce. A Bisharar Yohanna, sura ta tara, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman wanda ya yi zunubin da ya jawo haka, Ubangiji kuwa ya ƙi karɓar zargin a kan mutumin ko iyayensa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a ƙarƙashin Doka ta Takwas, ya rarrabe hanyoyi uku na ɓata sunan maƙwabci: yanke masa hukunci da garaje ba tare da isasshen dalili ba, tona aibinsa ga waɗanda ba su sani ba ba tare da hujja ba, da yi masa ƙazafi. Wanda ya nuna yaro ya ce shi ya kawo mana ciwo yana iya faɗawa cikin na fari da na uku a numfashi guda, ya mai da ciwo aibi, sa'an nan ya yayata shi.

A nan wani zai ce mana, to, Fada, ashe ke nan shugaban da ya yi shiru ya yi daidai, tun da ya kare sunan yara da na makaranta. Wannan magana tana da kama da gaskiya, don haka ya kamata a tsaya a kanta. Mu firistoci mun san nauyin asiri fiye da yawancin mutane, gama abin da muka ji a wurin furta zunubi da shi za a binne mu. Amma asirin nan mutum yake karewa, mai rauni wanda ya buɗe zuciyarsa. Shirun shugaban makaranta kuwa, in muka bi shi zuwa gindinsa, ba yaron yake karewa ba, domin yaron yana kwance yana bukatar a san abin da ke damunsa. Allon da ke bakin ƙofa yake karewa. Akwai kuma yarinya mai ciwon asma a gado na gaba, da mai sikila a aji na biyu, waɗanda murar da ta yi wa saura sauƙi tana iya kai su asibiti; iyayensu suna da hakkin su sani yau, ba ranar ziyara ba. Doka ta Biyar ba ta tsaya ga hana zub da jini kaɗai ba, ta ɗora mana kula da rai da lafiyar da aka ba mu riƙo. Rabon a bayyane yake in muna so mu gan shi. Adadi, da ranaku, da alamun ciwo, da ɗakunan da abin ya shafa, na hukumar lafiya ne da na iyaye, a ba su da wuri kuma cikakke. Sunan yaro nasa ne da iyayensa da mai yi masa magani. Abin baƙin ciki shi ne mukan juya abin: mu ɓoye adadin ga hukuma, sunan kuwa kowa a makaranta ya san shi kafin ƙararrawar safe.

Su ma masu binciken akwai bashi a kansu, ba za mu rufe baki a kan wannan ba. Iyayen ƙasar nan da suke ɗari-ɗari in baƙo ya zo da akwatin gwaji wurin 'ya'yansu ba jahilci kaɗai ke damunsu ba. Suna tuna 1996, sa'ad da ake tsakiyar annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, abin da ya jawo shari'a ta shekaru a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Ɗaukar majina domin gane cuta dabam yake da gwajin sabon magani, amma uwa a ƙauye ba za ta san bambancin ba sai an zauna an bayyana mata da harshenta. A gaya wa iyaye abin da za a ɗauka, da inda za a kai shi, da abin da ake nema. A bar takardar sunaye a hannun waɗanda aikinsu ya shafa. Sa'an nan a dawo da sakamako. Jami'in da ya ɗebi majinar yara ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba ya koya wa makarantar nan kada ta ƙara kiransa.

Saura batun rufe makaranta, wanda shi ne abin da shugabanni suka fi tsoro. Bincike ba kullum yake kai ga rufewa ba, a makarantar kwana ma sau da yawa akasin haka ne ya fi hikima. Yara ɗari biyar da aka sallama rana guda za su cika motoci su watsu cikin garuruwa hamsin, su sauka a ɗakin kakanni da jarirai, waɗanda su ne mura ta fi yi wa lahani. Mun kuma ɗanɗana tsadar rufewa a 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle makarantun Nijeriya tun daga watan Maris har wata da watanni, waɗansu 'yan mata kuwa ba su sake komawa aji ba. Abin da akan fi shawarta mai sauƙi ne: a ware marasa lafiya a ɗaki mai iska, a buɗe tagogi ko da sanyi a ƙara barguna, a sa ruwa da sabulu, kada yaro ya koma aji sai ya yi kwana guda cur ba zazzaɓi ba tare da taimakon magani ba. Kada a ba yaro mai irin wannan zazzaɓi asfirin, domin yana iya jawo wani ciwo mai haɗari ga hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a raba kafson kashe bakteriya kamar alewa, gama ba ya taɓa bairos. Wanda numfashinsa ya yi sauri ko ya yi wuya, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Ko a rufe ko kada a rufe, hukunci ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ofis, mai tunanin jarrabawar WAEC da albashin ƙarshen wata.

Makarantun mishan da ke hannunmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje, amma kowace tana iya sayen littafi mai layi ta ajiye a ɗakin jinya, a riƙa rubuta kowane yaro da ya zo, da ranar, da ɗakinsa, da zafin jikinsa, a kuma manna lambar wayar jami'in ƙaramar hukuma a bangon littafin tun kafin hunturu ya shigo. Hukumar gudanarwa ta faɗa wa shugaba a rubuce cewa ba za a tuhume shi domin ya kai rahoto ba, ko da iyaye goma sun janye 'ya'yansu. Sa'ad da kuma yaron nan na kusurwa ya warke ya ɗauko bargonsa zai koma ɗakin kwana, bari malamin gidan ya raka shi da kansa har bakin gadonsa, ya zauna kaɗan a gefen gadon inda sauran yara za su gani.